Ba Tunani Kake Yi Ba, Malam, Susa Kake Yi

Malam, mun gan ka. Ka tura hula gaba, ka zura yatsa ta ƙeya, ka ɗaure fuska wai kai mai zurfin tunani, alhali susa kake yi. Hajiya, ke ma kada ki yi dariya. Wannan ɗan bubbuga kai da kike yi da tafin hannu ta saman ɗankwali a gidan biki, don kada farce ya ɓata kitso, ba kiɗa kike bi ba. Tunda kowa ya san na kowa, sai a gyara zama.

Na san amsarku tun ba ku buɗe baki ba. Wani zai ce zafi ne. Wata ta ce sanyi ne, da yake a wurinmu duk ciwon da aka rasa sunansa sanyi ake laƙaba wa. Inna za ta ce bushewa ce kawai, a miƙo mata gwangwanin man kaɗanya. Wata kuma za ta rage murya ta ce ita dai tun ranar da ta yi tsifa ta nemi gashin da ta dunƙule ta rasa, kanta bai sake zama lafiya ba, kuma ta san wadda ta shiga ɗakin. Duk na ji. Abin da nake so ku ji nawa shi ne, abubuwan da ke sa kai ƙaiƙayi gashi kuma ya zube suna da yawa, ba su da magani ɗaya, kuma a cikinsu akwai waɗanda gashin ke dawowa, akwai waɗanda in ya tafi sai dai a yi masa addu'a. Wanda ya shekara yana shafa mai bai san da wanne yake fama ba, wata rana zai tarar aikin gama ya gama.

Bari in fara wanke kishiya, baiwar Allah. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma kowace rana 50 zuwa 100 suna faɗuwa ko da lafiyarsa ƙalau, wasu su fito a madadinsu. Mai askakken kai ba ya ganin nasa, iska ke kwashewa. Mai kitso kuwa, wanda ya tsinke yana nan maƙale a cikin kitson, ba inda za shi. Ki yi sati uku da kitso, ki ɗauki mafi ƙaranci, 50 sau 21, sili 1,050 ke nan suna jiran ranar tsifa. Wannan dunƙulen da kika gani a matsefi kika saki salati, bashin sati uku ne ya taru. Abin dubawa shi ne fatar kai: tana bayyana a inda da ba ta bayyana? Goshi yana ƙara faɗi? Akwai fili?

Sai amosani, wanda ya fi kowa jama'a. Inna ta ce bushewa ce, tunda ga fari-fari nan yana zuba a kafaɗa. Inna, Allah ya ja kwana, akasari ba haka ba ne. A fatar kowane baligi akwai wata 'yar ƙwayar halitta, dangin yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi, sunanta Malassezia, an raɗa mata shi ne saboda wani masani Bafaranshe, Louis-Charles Malassez, da ya bayyana ta a ɓawon fatar kai a 1874. Ba ta iya haɗa wa kanta maiƙon da take buƙata, sai ta ci wanda fata ke fitarwa. In ta ci, takan bar wani saura da ke fusata fatar wasu mutane, sai fatar ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta riƙa saɓule ɓawonta da gaggawa. Shi ya sa mai amosani sosai za ka ga abin har gefen hanci, cikin gira, bayan kunne da gemu, wato duk inda maiƙo ya fi yawa.

To abin da ke rayuwa da maiƙo, me kuka ba shi? Man zaitun da safe, man shanu da dare, ranar Juma'a a ƙara da wani haɗi na musamman da aka sayo a wurin walima. Man yana danne ɓawon ya manna shi da fata, sai a daina ganinsa kwana biyu, a ce an warke. Rana ta uku a kankara da farce a ji ya cika da wani abu mai danƙo. Sai a ce man ne bai isa ba, a ƙaro.

Na ji wata daga can baya tana cewa, "Kakanninmu da man shanu suka yi doka har gadon baya, wane shamfu suka sani?" Gaskiyarki, Yaya. Ba ni da faɗa da mai. Gashinmu murɗaɗɗe ne, maiƙon fata ba ya gangarawa cikin sauƙi har bakinsa, don haka silin yana son a shafe shi, musamman da hunturu. Gashi daban, fatar kai daban. A shafa wa sili, a ƙyale fatar da ke ƙaiƙayi. Kuma kakar taki da kike kafa hujja da ita, wa ya ce miki ba ta yi susa ba? Tsinken da ke soke a dokarta fa, na mene ne?

Maganin amosani ba ɓoyayye ba ne, yana kemis: shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, ko mai sinadarin seleniyam. Inda ake faɗuwa shi ne wurin amfani. Mutum ya zuba, ya cuɗa sau biyu, ya ɗauraye, ya fito yana cewa jabu ne. Magani ne, sai ya zauna a kan fata minti 3 zuwa 5 kafin a wanke, sau biyu a sati, har sati biyu zuwa huɗu, daga nan a riƙa yi sau ɗaya a sati ko bayan sati biyu don kada ya dawo. Zai kuwa nemi dawowa, don ƙwayar 'yar gida ce, rage ta ake yi, ba a korarta. Shamfun yana busar da gashi, saboda haka mata su shafa shi a fata tsakanin layin kitso, su bi silin da abin laushi. In kuma an wanke kai, a bari ya sha iska ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali a ɗora hijabi. Amosani shi kansa ba kasafai yake kashe saiwar gashi ba. Farce da kumburin fata ke karya shi, kuma in an huta da susa yana dawowa.

Baba mai rina furfura, kai taka gajera ce. In kwana ɗaya zuwa uku bayan rini kai ya ɗauki ƙaiƙayi, kunne da goshi suka kumbura, har fatar ido ta tasa, to wani sinadari ne da ake kira PPD, wanda ke cikin yawancin baƙin rini, jikinka ya ƙi. In ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi ke nan, kuma na gaba yakan fi na baya muni. Jan lalle tsantsa ba kasafai yake yin haka ba. Ko ka koma masa, ko ka bar furfurar, dama jikokinka sun san shekarunka.

Kwarkwata ma ba ta cin gashi, jini take sha, susar ce ke jawo gyambo. Akwai maganinta na shafawa a kemis, a maimaita bayan sati ɗaya saboda ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10, a bi da mataji mai ƙananan haƙora. A nan zan ajiye wasa in ɗaure fuska: kada wanda ya zuba wa yarinya fiya-fiya ko kalanzir a kai ya ɗaure da leda. Gubar fiya-fiya tana ratsa fata ta shiga jini, ta kawo dalalar miyau, amai da sarƙewar numfashi, kuma tana kisa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Yanzu makero, inda na san za mu daɗe muna ja. Yaro ɗan firamare ko ɗan makarantar allo, kai ya yi fili-fili masu zagaye, fari kamar an barbaɗa toka, gashin wurin ya kakkarye daidai fata har ana ganin ɗigo-ɗigo baƙi, wani lokaci da kaluluwa a bayan wuya. Kowa ya san shi, kowa kuma likitansa ne. Na ga an kankare da reza an goga lemun tsami. Na ga tafarnuwa, na ga man goge baki. Na ga man birki, wai tunda yana tsayar da mota. Yaro yana tsalle yana ihu, uba yana gyaɗa kai yana cewa alamar yana ci ke nan. Yana ci kam, fatar ɗanka yake ci.

Makero ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, kuma a kai ba a saman fata kawai take zama ba, cikin silin gashi take shiga ta bi shi har ƙasa cikin raminsa. Abin shafawa, ko na asibiti ne, ba ya kaiwa can. Dole sai na sha, wanda zai biyo jini ya shiga sabon gashin da ke tsirowa. Tsohon maganinsa giriseofulbin, ana sha kullum sati 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro, don haka ma'aikacin lafiya ne zai auna, ba maƙwabciya ba. Akwai terbinafin, wanda ga wasu nau'o'in sati 4 yake ɗauka. Mai ciki ba ta shan giriseofulbin. Kuma Inna, matso kusa, ga inda manki zai yi rana: wannan magani ya fi shiga jiki in an sha shi da abinci mai maiƙo. A ba yaro da madara, ko bayan tuwo da man shanu. Man yana da amfani, kin gani, ƙofar da kike bi da shi ce ba daidai ba.

Mai ganin sati takwas ya yi yawa, ya gode wa Allah da ya zo a wannan zamani. Kafin 1958, lokacin da aka fara ba mutane giriseofulbin, a Turai da Amurka haska kan yara ake yi da hasken hoton ƙashi har gashin ya zube gaba ɗaya, kuma bayan shekaru wasu daga cikinsu suka kamu da ciwon daji a maƙogwaro da cikin kai.

"Ƙyale shi, yana balaga zai rabu da shi." Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don maiƙon da fatar baligi ke fitarwa yana hana ƙwayar sakewa, shi ya sa ba a cika ganinsa a kan manya ba. Amma kafin ya balaga ya raba wa ƙannensa da 'yan ajinsu. Kuma a wasu yaran wurin yakan kumbura ya yi luhu-luhu, yana tsattsafo da mugunya ta ƙofofi da yawa. Sai a ce maruru ne, a kai a tsaga, a yi ta ɗirka masa kafso. Ba maruru ba ne, jiki ne ya tasar wa makeron da faɗa, kuma in aka yi jinkiri tabo yake bari wanda gashi ba zai ƙara fitowa a kansa ba. Haka nan man nan na kemis da ake kira mai aiki uku, wanda ke da sitiroyid a ciki: yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, iyaye su yi murna, ƙwayar kuwa ta samu sarari ta bazu.

Wanzamai da masu shagon aski, na san wanzami ba ya son jarfa, amma ku yi haƙuri. Na zauna a benci na kalli yadda ake yi. A fesa wa bakin kilifa sifirit, a ƙyasta laita, wuta ta yi bal ta mutu, mai shago ya dube ka da alfahari. Madalla. Sai ya ɗauko buroshin nan mai laushi da ya share kan yaro goma tun safe, wanda bai taɓa ganin wuta ko ruwa ba, ya bi kanka da shi har wuya. Sai mataji, sai tawul. Ƙwayar makero tana iya yin watanni a raye a jikin irin waɗannan, da hula, da matashin kai. Gidan da ke da yara maza da yawa, kilifa ɗaya da buroshi na gida sun fi kuɗin magani araha. In kuma ɗaya ya kamu, a duba sauran, a wanke wa kowa kai da shamfun nan na ketokonazol, a kuma dubi kyanwar gida ko ɗan maraƙi in suna da fili a jiki.

Samari masu son a kankare ƙeya tas a fitar da layi da reza kowane sati: ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeya suna ƙaiƙayi, in ana ci gaba da bi ta kansu da kilifa, haɗewa suke yi su zama tudun tabo mara gashi. A daina askin ƙasa-ƙasa a wurin, a daina matsa su, a ga likita tun suna ƙanana.

Alhaji mai sanƙo, na ga ka miƙe zaune kana jiran naka. Kai ba ka cikin wannan layi. Sanƙo gado ne da aikin sinadarin mazantaka, ba ya ƙaiƙayi, kuma ba hula ce ta jawo maka ba. In kanka na ƙaiƙayi, amosani ne ya same ka a kan sanƙon. Akwai minoksidil, wanda asalinsa maganin hawan jini ne aka lura masu shansa suna tsirar da gashi, har Amurka ta amince da na shafawa a 1988. Yakan ɗauki wata huɗu ko fiye kafin a ga wani abu, in ka daina abin da ya fito ya koma, kuma na ruwan shi kansa yana sa wasu ƙaiƙayi. In ba za ka iya ba, ai an ce alamar arziki ce, mu dai muna jiran gani a ƙasa. Mai jego ma ta kwantar da hankali: zubewar da ke zuwa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ko bayan zazzaɓi mai tsanani irin taifot, ba ta zuwa da ƙaiƙayi, kuma yawanci tana gyaruwa da kanta cikin watanni. In ta ƙi tsayawa, a auna jini, don ƙarancinsa na sa haka.

Na bar kitso a ƙarshe da gangan, don na san a nan za a jefe ni. Ku dubi yarinya ranar jajibirin salla. Kanta a matse tsakanin gwiwoyin makitsiya, ana kamo 'yan ƙananan gashin gaban goshi, waɗanda ko tsawon ƙwayar shinkafa ba su kai ba, ana cusa su cikin layi. Ta tashi girarta ta ɗage, idonta ya ja baya, ba ta iya runtsawa sosai. Uwa ta ba ta farasitamol. Daren nan a kife take kwana. Kwana biyu sai ga 'yan ƙuraje farare sun jeru a bakin goshi da bayan kunne, suna ƙaiƙayi. Kowa ya ce kitso ya yi kyau, makitsiya tana da hannu.

Waɗannan ƙuraje kukan saiwa ne. Gashin gefen goshi shi ne mafi rauni a kai, kuma in ana jansa wata da watanni, shekara da shekaru, ramin da yake fitowa yana kumbura, ya ƙanƙance, daga baya ya toshe. A Afirka ta Kudu, likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Kef Tawun ta duba kawunan mutane a unguwar Langa, ta wallafa a 2007 cewa kusan mace ɗaya cikin uku tana da irin wannan zubewar ta ja, 'yan mata 'yan makaranta kuma wajen 17 cikin 100. Ta kuma ga abin ya fi yawa ga masu ɗora kitso a kan gashin da aka miƙar da rilaksa. Za ku ce ai can ne. To ku leƙa ƙarƙashin ɗankwalin gidanku, ku ga me ya sa ɗauri yake ta gangarowa goshi shekara bayan shekara.

Akwai wata zubewar kuma da ta fi wannan ɓoyon kai, mai farawa daga tsakar kai ta riƙa faɗaɗa a hankali, ta fi kama mata baƙar fata. Tana zuwa da ƙaiƙayi, ko zafi-zafi, ko wurin ya riƙa ciwo in an taɓa, wasu kuma ba sa jin komai. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda likitar fata Ncoza Dlova ta Durban ke cikin masu yinsa, ya nuna gado yana da hannu a wasu, don haka in tsakar kan mahaifiyarki ta yi fili, ki riƙa duba taki da madubi biyu. Wannan ita ce wadda likitan fata ke yi wa sitiroyid mai ƙarfi, na shafawa ko allura a wurin, wato abin da na hana ku a makero shi ne magani a nan. Kun ga dalilin da ya sa ba a aron maganin kai.

Ga yadda za ki gane inda kike. Ki sa a duba miki filin a cikin haske. In ana ganin 'yan ƙofofin gashi, ko wani siririn gashi mai laushi, saiwa na nan da rai, in aka sassauta za ta farfaɗo. In wurin ya yi sumul yana sheƙi, babu ƙofa ko ɗaya, ya zama tabo. Gona ce aka yi wa daɓen siminti, ko buhun taki nawa aka juye ba abin da zai tsiro, kuma duk mai sayar miki da kwalba a kan zai tsiro, kuɗinki yake so. Abin da likita zai iya a lokacin shi ne tsare sauran.

Ban ce a daina kitso ba, kafin makitsa su haɗa mini gangami. Cewa na yi a bar 'yan gashin goshi su huta a waje, a yi layi manya, a rage nauyin ƙari, a riƙa sauya inda ake tsagawa, kada a yi rilaksa yau a yi kitso gobe, a kuma bar kai ya sha iska 'yan kwanaki tsakanin tsifa da sabon kitso. In ana yi kika ji zafi, ki ce a sassauta a lokacin, ba sai kin je gida kin nemi ruwan ɗumi ba. Makitsiya za ta ce miki, "Hajiya, in ban ja ba ai ba zai yi kwana ba." Ki ce kin ji, kin yarda, in ya tsufa kya dawo. Ita ma in ta yi lissafi, ciniki biyu ta samu a maimakon ɗaya.